Yadda Ake Tsara Fim a Kan Rayuwar Harriet Tubman

Harriet Tubman ta rayu kusan shekara 91. An haife ta cikin bauta wajajen 1822 a gundumar Dorchester ta jihar Maryland a Amurka, ta rasu ranar 10 ga Maris, 1913 a garin Auburn na jihar New York. Duk wanda ya ce zai cusa waɗannan shekaru cikin awa biyu, abin da zai fito da shi jerin ranaku ne kawai. Saboda haka aikin farko shi ne yanka. Shekarun da fim yake ciki su ne 1849 zuwa 1860, daga ranar da ta gudu zuwa komawarta ta ƙarshe. Gudun kansa ma bai isa ya riƙe fim ba, domin dubban bayi sun gudu. Abin da ya bambanta ta shi ne ta kuɓuta, ta samu aiki, sannan ta juya da ƙafarta ta koma inda ake neman ta, ta yi ta komawa har kusan sau 13. Kowane sin da ka rubuta, ka tambayi kanka ko yana taimaka wa mai kallo ya gane dalilin wannan komawa da yadda ake yin ta.

Tace bayani kafin ka ɗauki alƙalami

Labarinta ya sha ƙarin gishiri, kuma gishirin ne ya fi yawo a intanet. Adadin da za ka fi gani shi ne ta kuɓutar da mutum 300 a tafiya 19. Wannan ya samo asali ne daga tarihinta na farko da aka wallafa a 1869. Binciken masana na baya-bayan nan ya tsaya a kan mutum kusan 70 da ta jagoranta da kanta, yawancinsu 'yan uwa da abokan arziki, da wasu 50 zuwa 60 da ta kwatanta wa hanya suka fita da kansu. Maganar an sa tukuicin dala 40,000 a kanta ma ba ta da tushe. Sanarwar da aka sani ita ce wadda jaridar Cambridge Democrat ta buga a Oktoban 1849, inda aka yi alkawarin dala 100 a kan kowane ɗaya daga cikin su ukun da suka gudu, ita da 'yan uwanta maza biyu, idan an kama su a wajen jihar. Sanarwar ta kira ta Minty, sunanta na yarinta, mai shekara kamar 27, tsawonta kamar ƙafa biyar. Ka ajiye wannan don ranar zaɓen jaruma: gajeruwa ce, kimanin santimita 152, amma mai ƙarfin jiki, don ta yi aikin saran itace da korar shanun noma.

Akwai wani zance da ake jingina mata, wai ta ce ta 'yanta bayi dubu kuma da ta 'yanta wasu dubu da sun san su bayi ne. Babu shaidar ta taɓa faɗa, kuma zancen yana zargin waɗanda aka zalunta. Kada ya shiga rubutunka. Haka labarin barguna masu zanen sirri da ake shanyawa don nuna hanya.

Sai sunan da ake kiran harkar, wato layin dogo na ƙarƙashin ƙasa. Babu jirgi, babu rami. Laƙabi ne na jerin gidaje da mutanen da ke ɓoye masu gudu su miƙa su gaba. In da Hausa za a yi fim ɗin, kalmomin fatake sun fi dacewa da shi: ita maduga ce, masu gudu ayari, gidajen ɓuya zango. Mai kallo zai gane nan take ba tare da an tsaya yi masa lacca ba.

Hanya mai sauƙi ita ce ka raba takarda gida uku: abin da takardun lokacin suka tabbatar, abin da ita ta ba da labari daga baya, da abin da kai za ka ƙirƙira. Rubuce-rubucen William Still, baƙar fatan da ke karɓar masu gudu a Filadelfiya yana rubuta sunayensu da ranar isowarsu, su ne ginshiƙin gida na farko. Gida na uku halak ne, ba a yin fim sai da shi. Sharaɗinsa ɗaya: ƙirƙira ta cike giɓi, kada ta ture abin da ke gida na farko.

Rabon shafuka

Shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kusan minti ɗaya a allo. Ka nufi shafi 110. Shafi 25 na farko Dorchester ne. A nan za a san mahaifinta Ben Ross, gwanin aikin katako wanda ya riga ya samu 'yanci, da mahaifiyarta Rit, da mijinta John Tubman, ɗa ne ba bawa ba, wanda ta aura wajajen 1844. Dole mai kallo ya fahimci doka ɗaya tun da wuri: yaro yana bin matsayin uwarsa ne, don haka duk abin da ta haifa wa John dukiyar ubangidanta Edward Brodess ce. Ya kuma san an riga an sayar da 'yan uwanta mata uku, Linah da Soph da Mariah Ritty, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Akwai lokacin da take biyan Brodess kuɗi don ya bar ta ta yi aikin kanta, kwatankwacin abin da aka sani da murgu a ƙasar Hausa, kuma ta biya wani lauya dala 5 ya binciko mata cewa tsohuwar wasiyya ta ce a 'yanta mahaifiyarta in ta kai shekara 45, aka danne. Wannan sin na lauya gajere ne amma yana nuna mace mai lissafi tun kafin ta zama maduga.

Brodess ya mutu a Maris na 1849 ya bar bashi, matarsa Eliza ta fara shirin sayar da bayi. Ranar 17 ga Satumba Harriet ta fita da Ben da Henry, 'yan uwanta. Suka karaya suka juya, suka dawo da ita. Marubuta da yawa suna tsallake wannan gudun farko don yana rage gudun labari. Kuskure ne. Shi ne ya koya mata abin da tsoron mutum ɗaya ke yi wa ayari, shi ne kuma zai bayyana bindigar da za ta riƙe daga baya.

Shafi 25 zuwa 37, gudunta ita kaɗai, tafiyar kusan kilomita 145 zuwa Pennsylvania, jihar da ba a bauta, inda birnin Filadelfiya yake. Shafi 37 zuwa 47, Filadelfiya. Ka daɗe a nan fiye da yadda zuciyarka ke so. Ta ba da labarin cewa da ta tsallake iyaka ta dubi hannuwanta ta ga ko ita ce dai, amma kuma babu wanda ya tarbe ta, duk nata suna baya. Ka nuna ta tana aikatau, tana ƙulle kuɗi a gefen zane, tana cin abinci ita kaɗai. In wannan kaɗaici bai zauna a ran mai kallo ba, komawarta za ta yi kama da jarumtakar da marubuci ya ɗora mata.

A Satumban 1850 aka kafa dokar da ta tilasta wa jihohin Arewa mayar da bawan da ya gudu. Kiɗa ya canza, zangon ƙarshe ya tashi daga Filadelfiya ya koma St. Catharines a Kanada. Daga nan zuwa shafi 95 tafiye-tafiyen ne, kuma ba za ka nuna 13 ba. Zaɓi uku ko huɗu da kowacce ke da darasinta dabam.

Tafiye-tafiyen da suka cancanci allo

Ta Disamban 1850 ta ƙunshi wayo tsantsa. An kai Kessiah, 'yar yayarta, da 'ya'yanta biyu gwanjo a bakin kotun Cambridge. Mijin Kessiah, John Bowley, wanda ɗa ne, ya yi tayi mafi tsoka, kafin a zo karɓar kuɗi sun ɓace, ya tuƙa su cikin ƙaramin kwalekwale zuwa Baltimore inda Harriet ke jira. Ta kakar 1851 ta ƙunshi ciwo: ta koma ɗaukar mijinta ta tarar ya auri wata, ya ƙi ma fitowa. Ta haɗiye, ta tara waɗanda ke son tafiya ta wuce da su.

Wadda ta fi kowacce ita ce ta Kirsimetin 1854, kuma ita ya kamata ta ci shafuka guda 12 zuwa 15. Ta samu labarin za a sayar da 'yan uwanta uku, Robert da Ben da Henry, bayan biki. Tun da ba ta karatu ba ta rubutu, sai ta sa aka rubuta wasiƙa mai zaurance zuwa ga Jacob Jackson, wani ɗa baƙar fata da ke yankin. Robert ya bar matarsa da jaririyar da aka haifa a lokacin. Suka ɓuya a rumbun masara kusa da ɗakin iyayensu a Poplar Neck, ana ruwa, suna hango mahaifiyarsu ta tsakanin katako tana leƙen hanya tana jiran 'ya'yanta su zo cin abincin biki, ba su iya yi mata magana ba don kada kukanta ya tona su. Mahaifinsu ya kawo musu abinci yana kau da kai, da zai raka su kuma ya ɗaure idonsa da ƙyalle, domin in an tambaye shi ya ce bai gan su ba kuma ya zama gaskiya ya faɗa. Kada ka sa kiɗa a wannan sin, kada ka ƙara masa magana. Ƙarar ruwa a kan rufi da numfashin mutum shida ko bakwai sun isa. Ka ɗauki uwar daga cikin rumbun, ta tsagar katako, kyamara ba ta matsa kusa da ita ba, don mai kallo ya tsaya inda 'ya'yan suka tsaya.

In akwai sauran wuri, ga ta Nuwamban 1856, inda aka sa dala 1,500 a kan Joe Bailey, aka tsallake da ayarin gadar Wilmington a kwance cikin keken magina, da taimakon Thomas Garrett, Kirista ɗan ɗariƙar Quaker da ke ba masu gudu takalma da kuɗi. Ga kuma ta 1857 da ta ɗauko iyayenta tsofaffi a wani keken doki da aka harhaɗa.

Dabarunta su ne naman waɗannan shafuka, kuma a aikace ake nuna su. Tana zuwa da hunturu, lokacin da dare ke kai awa 14 da ɗoriya kuma mutane na cikin ɗaka. Tana tashi ranar Asabar da dare, don Lahadi ba a aiki kuma ba a buga cigiya a jarida sai Litinin. Ba ta shiga gonar ubangida, a nesa take sa a same ta. Tana ba jarirai maganin barci mai ɗauke da ofiyom. Tana kukan mujiya, tana rera waƙar coci da sauri ko a hankali don sanar da a fito ko a ƙara laɓewa. Ta taɓa riƙe kaji ta sake su da gangan don ta sunkuya kamu lokacin da wani tsohon ubangidanta ke wucewa, ta taɓa buɗe jarida a fuska don an san ba ta karatu. Bindigar kuwa ta nuna ta ga wanda ya so ya juya, saboda wanda ya koma za a matse shi ya faɗi sunayen zango. Ka bar ta ta tsoratar da mai kallo a wannan wuri. Maduga mai taushin hali kullum ba za ta kai ayari ba.

Fim ɗin da aka yi a kanta a Amurka a 2019 ya ƙirƙiro ɗan ubangida da ke farautarta tun daga farko har ƙarshe. Dabara ce da ke sauƙaƙa rubutu, amma tana da tsada: tana mayar da bauta ta zama muguntar mutum ɗaya, alhali abin da ke bin ta doka ce da kasuwa da jarida da maƙwabci mai son dala 100. In za ka sa mugu, ka sa shi talakan mugu, irin Eliza Brodess da ke lissafin bashi tana duban mutane a matsayin kuɗi.

Ciwon kai da wahayinta

Tana 'yar shekara 12 ko 13, a wani kanti a Bucktown, wani mai tsaron bayi ya jefi wani bawa da ƙarfen awo mai nauyin kusan giram 900, ya same ta a ka. Kwana biyu tana kwance a kan bencin masaƙa babu magani, aka mayar da ita gona. Har ta mutu tana fama da ciwon kai da barcin da ke sace ta a tsakiyar magana, tana kuma ganin abubuwan da ta gaskata saƙo ne daga Allah. Kirista ce mai ƙarfin imani, a haka za a nuna ta. Inda ake kuskure biyu ne. Wasu suna mai da wahayin taswira, duk lokacin da marubuci ya rasa mafita sai ta faɗi ta farka da amsa, sai a shafe mata basirar da ta tara daga masu saran itace da baƙaƙen matuƙan jiragen ruwa. Wasu kuma suna cire shi gaba ɗaya. Ka nuna faɗuwar sau uku kacal, kuma aƙalla sau ɗaya ta zama haɗari: maduga ta yi barci a bakin hanya, ayari na tsaye ba wanda ya san gaba. Jifan kansa ya zo a waiwaye ɗaya da bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Tabon goshi kuma mai kwalliya ya ɗauki hotonsa da ma'auni ranar farko, don yana ƙaura daga wuri zuwa wuri in aka dogara da ido.

Lokeshan da kaya

Dorchester ba ƙasar auduga ba ce. Alkama, masara, katako, fadamu da ƙoramu masu gishiri-gishiri, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa babu tudu. Gonar auduga a fim ɗin Tubman alama ce ta ba a yi bincike ba. Wanda zai ɗauka a Najeriya yana iya samun fadama mai kacala a dausayin Haɗejiya da Nguru, don irin wannan ciyawa tana fitowa a fadamun Maryland, da dajin itacen fain irin na Ngwo a Enugu. Abin kiyayewa shi ne abin da zai tona wurin: kuka, giginya, goruba, darbejiya, suri, jar ƙasa, rufin kwano. A sa mutum ɗaya aikinsa kawai duba bayan jarumai a allon kyamara kafin kowane ɗauka. Wanda zai shiga ruwan fadama kuma ya sa dogon takalmin roba har ƙirji a ƙarƙashin sutura, saboda tsargiya.

Tauraruwar arewa, wadda masu gudu ke bi da dare, tana da tarko. Tsayinta a sama daidai yake da nisan wuri daga tsakiyar duniya: a Dorchester digiri 38 ne, a Kano 12. In jaruma ta dubi inda take a samaniyar Kano, za ta dubi saman bishiyoyi ne kawai. A sa mata alama a kan sanda inda za ta ɗaga kai sosai, a ɗauki taurari dabam da kyamarar hoto a buɗe daƙiƙa 15 zuwa 20, a haɗa wajen tacewa.

Suturar bayi yadi ne mai kaushi marar rini, kuma farin saƙi na hannu ya fi yadin kanti kama da shi. Babu zif, babu maɓallin roba, ɗinkin da zai fito a kyamara a yi shi da hannu. A jiƙa a ruwan shayi, a goge gwiwa da wuya da bakin hannu da sanfefa. Kowace rigar tafiya a ɗinka uku iri ɗaya: mai dama-dama, wadda ta sha hanya, da ta shiga ruwa. Fitila ta kyandir ce, kananzir bai yaɗu ba sai bayan 1859. Shingen katako ne, wayar ƙaya ta zo a shekarun 1870. Bindiga ta roba ko ta itace, kuma a sanar da 'yan sandan yankin a rubuce kafin a fito da ita.

Ɗaukar dare

Kusan shafi 40 na wannan fim dare ne. A daji, shafi biyu zuwa uku ake samu a dare ɗaya, wato dare 15 ko fiye. Furodusan da ya yi kasafin dare da lissafin rana zai tsaya a tsakiya. A jera dararen a haɗe, a ba ma'aikata awa 12 tsakanin tashi da komawa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce fuskar baƙar fata ta nutse cikin duhu, sai a gyara da watsa shuɗin haske ko'ina har daji ya koma kamar filin ƙwallo. Ga yadda ake yi: babbar fitila ɗaya a sama daga bayan jarumai a matsayin wata, nesa da su, sai farin allo babba a gaba yana mayar da haske mai laushi kan fuska, da ɗan mai kaɗan a fata don ta kama hasken. Hayaƙi kaɗan a baya yana raba mutum da bishiya. Faɗin wuri kuma a ɗauke shi da rana a mayar dare: rana a bayan mutane, a rage buɗin kyamara mataki biyu, kada samaniya ta shiga. Hazon hunturu yana taimakawa a nan. Janareta ya yi nisan mita 50 aƙalla, a kewaye shi da buhunan yashi, domin rabin maganganun fim ɗin raɗa ne. Kukan kwaɗi da tsuntsayen wurin ɗauka ma ba na Maryland ba ne, kuma da hunturu dajin can shiru yake, don haka a shirya sake ɗaukar murya a situdiyo.

Sin ɗin duka da gwanjo a ɗauke su da taka-tsantsan. Bulala ɗaya da aka ji sautinta ana kallon fuskar ɗan wanda ake duka ta fi goma da aka nuna a baya tsirara. Yara kada su kasance a wurin lokacin ɗaukar, a ɗauki fuskokinsu dabam. Turawa masu magana kada su wuce biyar ko shida, a tattara sin ɗinsu cikin mako ɗaya.

Inda za a tsaya

Ƙarshe biyu ne masu ƙarfi. Na farko, ƙarshen 1860: ta koma ɗaukar 'yar uwarta Rachel da ta yi shekaru tana nema, ta tarar ta rasu, 'ya'yan Rachel biyu kuma ba ta samu fitar da su ba, sai ta juyo da wani iyali dabam. Na biyu, farkon Yunin 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, a kogin Combahee na South Carolina, inda ta yi wa sojojin Kanar James Montgomery jagora da bayanan leƙen asiri, aka kwashe mutum fiye da 700 a jiragen ruwa cikin dare ɗaya zuwa wayewar gari. Na biyun yana buƙatar jirage da ɗaruruwan mutane da wuta, kuma in kuɗi bai kai ba zai fito a raunane. Mai ƙaramin kasafi ya ɗauki na farko, ya bar Combahee a rubutun ƙarshe.

Rubutun ƙarshen kada ya wuce allo huɗu, kowanne ya tsaya daƙiƙa 6 zuwa 8: adadin tafiye-tafiye da mutanen da ta fitar, harin Combahee, fanshon dala 20 a wata da ba ta samu ba sai 1899 bayan fiye da shekara 30 tana nema, da gidan tsofaffin da aka buɗe a filinta na Auburn a 1908, inda ita ma ta yi kwanakinta na ƙarshe. In za a rufe da hotonta na gaske, a nemi wanda aka ɗauka a Auburn wajajen 1868, tana zaune ta ɗora hannu a bayan kujera, domin shi ne mafi kusa da shekarun da fim ɗin ya nuna.